Daga Gurbin Dara Zuwa Allon Waya: Tarihin Wasa Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Rano da Kibiya

A hutun ƙaramar Sallah na je Kibiya gaishe da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda shekarunta suka haura saba'in. Ita ce a duk gidan ta fi kowa faɗa a kan waya, kullum tana cewa abin nan ya raba yara da aike, ya raba su da gaisuwa. To amma da na yi sallama bayan sallar isha'i, sai na tarar da ita zaune a kan tabarma, jikoki huɗu sun yi mata rumfa, kowa ya zuba ido a kan waya guda. Wasa ne na wata 'yar yarinya da take neman hanyar fita daga wani gida, sai an ture wasu akwatuna kafin ƙofa ta buɗe. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba sai na ji ta ce wa babban jikan, "Kai ɗan nan, ba ka da haƙuri. In ka tura wannan lungu, da me za ka fito da shi? Fara da na bayan." Ya bi maganarta, ƙofa ta buɗe, yara suka sa shewa. Na ce, "Gwaggo, ashe ke ma kin shiga?" Ta ce, "Yo wannan ai dara ce, gurbin kawai aka sake mata."

Wannan magana tata ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Nufina shi ne mu bi sawun wasannin wasa ƙwaƙwalwa a wannan yanki namu, tun daga dandali har zuwa waya, mu ga abin da yake jan babba da yaro gare su, da abin da ya salwanta a kan hanya, da kuma rabon da ya rage wa marubuta.

Ƙasar da ake magana a kanta

Mai karatu ya san Rano tana cikin Hausa Bakwai. A labarin Bayajida, ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini da saƙa, kuma har gobe Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari. Garin yana kudu da birnin Kano, cikin ƙasa mai duwatsu, kuma Kibiya maƙwabciyarta ce ta jini da tsoka. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan aka mayar da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, mutanen wannan ƙasa manoma ne. Daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Durba, shekara kashi biyu ce. Da damina ba mai lokacin kansa, daga shuka sai noman farko sai maimai. In kaka ta yi, aka kai dawa da gero rumbu, aka tsige gyaɗa, sai jiki ya sami sarari. Kafin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta yawaita noman rani a kudancin Kano, watannin rani lokaci ne na cin rani ga wasu, na saƙa da gyaran darni ga wasu, kuma na hira ga kowa. A cikin wannan sarari ne wasanninmu suka yi saiwa. Saboda haka tun asali wasa a wurinmu ladan gajiya ne, yana zuwa bayan aiki.

Dara da 'ya'yanta

Dara iri biyu muka tashi muka tarar. Ta farko ita ce ta manya, wadda ake tona wa gurabu talatin a ƙasa, layi biyar kowane da gida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsakuwa, ɗaya ya riƙe guntayen kara, domin kada su rikice. Da farko ana dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda mutum ya jera uku ba a lokacin dashe. In an gama sai a fara tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Haka za a yi ta yi har ɗaya ya rasa 'ya'yan da zai jera. Wannan dara ba a Kano kaɗai take ba, ana yin ta a Sakkwato da Katsina da Maraɗi, har cikin ƙasar Zabarmawa.

Ta biyu ita ce mai gida goma sha biyu, shida nan shida can, kowane gida da 'ya'ya huɗu, wato arba'in da takwas ke nan. Ana kwashe gida a bi da shi ana zubawa ɗaiɗai. Ita wannan ta fi shiga cikin gida, mata da yara suka fi yin ta, da tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya. Danginta suna ko'ina a Afirka, Yarbawa suna kiran tasu ayo, mutanen Gana suna cewa oware.

Abin lura game da dara shi ne, ba ta buƙatar ko anini. Ƙasa ce allonta, tsakuwa ce kayanta, inuwar durumi ko ta tsamiya ce zaurenta. Daɗin daɗawa, ko da yake mutum biyu ne suke zaune, wasan na duk wanda ya tsaya ne. Ɗan kallo yana gyaran murya, yana taɓa ƙafar gwaninsa, a yi masa tsawa, a yi dariya. Har harshenmu ma ya ɗauki rabonsa, domin in mugun shiri ya komo kan mai shi sai a ce dara ta ci gida. Malamai kuwa tun da can sun yi mata iyaka: kada a sa kuɗi a ciki ta zama caca, kada kuma ta sa a bar salla ta wuce. Da ladan ya ɗaga murya sai a tashi a bar 'ya'ya a gurabunsu, ba mai taɓawa har a dawo.

Ba ni gari

In dara ta rana ce, kacici-kacici na dare ne. Bayan an ci tuwo, yara su kewaye kaka ko wata yaya, kafin a shiga tatsuniya sai a fara wasa ƙwaƙwalwa. A ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Mai sani ya ce tsintsiya. A ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." A ce wuta da hayaƙi. In kuwa an yi ta lalube an kasa, sai mai tambaya ya ce a ba shi gari. A nan ne ake shagali. Wani ya ce ya ba shi Kibiya, ya ce ba ya so, ya je jiya. A ba shi Rano, ya yi ɗan jim, ya ƙi. Sai an kai shi Kano ko Zariya, ko ma Makka, sa'an nan ya karɓa, ya ba da labarin yadda zai shiga garin a kan doki, kana ya faɗi amsa.

Ina roƙon mai karatu ya dubi hikimar da take cikin wannan al'ada. Yaron da ya kasa amsa ba a doke shi ba, ba a kore shi daga tabarma ba. Tararsa ita ce ya ba da garin da ba nasa ba, kuma a ƙarshe ya tashi da amsar a kansa, gobe shi zai ɗaure wani da ita. Kakanninmu sun gano cewa in ana so yaro ya so tunani, to sai an sa faɗuwa ta yi masa sauƙi.

Akwai kuma dogon ƙulli, irin wanda ake kwana ana gardama a kansa. Wanda ba na mantawa shi ne na mutumin da ya zo bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, ga jirgin ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, an yi ɓarna. In ya bar akuya da harawa, haka. Mun yi kwana biyu a gidanmu kafin wani yayanmu ya gano cewa sai an fara ƙetarar da akuya, a dawo a kai kura, a komo da akuya, a kai harawa, sa'an nan a dawo a ɗauki akuyar. Ƙetarawa bakwai ke nan. Sai da na girma na san cewa wannan ƙulli yana cikin wani tsohon kundin lissafi na Latin da ake danganta wa Alkuwin, malamin fadar Sarki Sharlaman, wajen shekara ta 800, da kyarkeci da akuya da kabeji. Ashe abin da ya hana mu barci a Rano ya hana yaran wasu ƙasashe barci shekara dubu da suka wuce.

Tafiya mai ƙulli a kowane zango

Ita tatsuniya ta haɗa abu biyu, ga tafiya ga jarrabawa. Duba labarin 'yar bora da aka aika wanki a ruwan Bagaja. Ba takobi ta ɗauka ba. A kowane zango akwai abin da zai gwada ta, kuma ladabi da haƙuri da iya zaɓi su ne suka fisshe ta, suka kuma kayar da 'yar mowa da ta biyo sawunta da gadara. Shi ma Gizo bai taɓa cin nasara da ƙarfi ba, kullum da dabara yake kuɓuta daga hannun zaki ko kura, wani lokaci kuma dabarar ta ci shi. Masu sauraro ba sa zama shiru, wannan ya ce da ni ne da kaza zan yi, wancan ya ce ai da ka halaka. Kuma ita ma tana da ƙa'idarta, ba a yin ta da rana. Ana tsorata mu da cewa mai tatsuniya da rana ɓata zai yi, alhali dai so ake mu je aike da makarantar allo.

Da boko ya zo, wannan gado ya shiga takarda. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ruwan Bagaja tafiya ce ta neman magani, gari bayan gari, kuma a kowane gari sai Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun gwada wa juna wayo. A Magana Jari Ce kuwa, wanda ya fara fitowa a 1937, da labari aku ya riƙe ɗan sarki Musa a gida dare bayan dare, ya tsare shi daga makircin waziri. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, littattafan da duk wanda ya yi firamare a ƙasar Kano a wancan zamani zai tuna da su. Wato kafin wata na'ura ta iso mana, mun riga mun san daɗin labarin da ake warware shi ƙulli bayan ƙulli.

Yadda abin ya faro a ƙasashen waje

Wasannin na'ura da yawa na harbi ne da tsere da kokawa. Amma tun farko akwai wani reshe mai sanyi, kuma shi ne abin maganarmu. A 1976 wani Ba'amurke mai suna Will Crowther ya rubuta wasan da aka sani da Colossal Cave Adventure. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta rubuta maka cewa kana bakin wani kogo, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi, ka ɗauki fitila, ka nemi mabuɗi. Yana daga cikin dalilansa na yin wasan ya sami abin da zai haɗa shi da 'ya'yansa mata biyu. Ka ga ke nan tatsuniya ce uba ya yi wa 'ya'yansa, sai dai da na'ura.

A 1982 aka fito da Sokoban a Japan, wasan ɗan dako mai tura akwatuna a sito, wanda yake iya turawa amma ba ya iya jawowa. Shi ne kakan wasan da na tarar a hannun jikokin gwaggona. A 1984 Alexey Pajitnov, wani masanin na'ura a birnin Mosko, ya ƙago Tetris: siffofi bakwai, kowace da murabba'i huɗu, suna faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Da kamfanin Nintendo ya sa shi a 'yar na'urarsa ta hannu, Game Boy, a 1989, sai ya game duniya. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu, Rand da Robyn Miller, suka fito da Myst, inda mutum yake yawo a wani tsibiri ba mai korarsa, ba agogon da yake ƙirga masa lokaci, sai dai ƙofofi da na'urori da zai gano sirrinsu. Shi ne ya riƙe kambun ciniki a wasannin kwamfuta har zuwa 2002. A 2007 kuma aka yi Professor Layton a Japan, labarin wani malami da almajirinsa da suka shiga ƙauyen da kowa sai ya ɗaura maka ƙulli kafin ya amsa tambayarka. A cikin ƙullin har da na ƙetarar da kyarketai da 'yan tsaki a kogi.

Isowarsa gare mu

Mu a nan ba ta hannun waɗannan manyan kamfanoni abin ya fara zuwa ba. A shekarun 1990 wata 'yar na'ura ta roba daga ƙasar Sin ta cika kasuwar Sabon Gari ta Kano, mai batir biyu ƙanana, an rubuta Brick Game a jikinta. Kwaikwayon Tetris ne. 'Yan tireda suka kawo ta Rano, wasu kuma ta zo musu cikin tsarabar alhazai. Muka sa mata suna gem, kuma har yau sunan bai sake ba. Na tuna guda ɗaya ce a layinmu, ana bin layi, in bulo ya taru ya kai sama sai ka miƙa wa na bayanka. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana.

A gidajen ma'aikata masu akwatin talabijin kuma aka sami irin wadda ake sa wa kaset, kwaikwayon Family Computer da Nintendo ya yi a 1983, da Super Mario da wasan harbin agwagwa. Wannan ba ta yi nisa a ƙauyuka ba, domin tana bukatar wutar lantarki. Zamanin nan ne kuma littattafan soyayya na kasuwar Kano suke tashe, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, fim ɗin Hausa na bidiyo kuma ya fara da Turmin Danya a 1990. Duk waɗannan sun zo suna neman lokacin nan guda na bayan tuwon dare, wanda a da na kaka ne ita kaɗai. Daga baya shagunan gem suka buɗe, masu PlayStation da janareta, inda samari suke biyan kuɗi su buga ƙwallo. Amma wannan fage ne na samari zalla, ba ka ganin yarinya ko dattijo a ciki.

Abin da ya shigar da gem cikin gida sosai shi ne wayar hannu. A watan Agusta na 2001 aka fara sabon tsarin wayar salula a Nijeriya, bayan 'yan shekaru ya iso ƙananan garuruwa. Kusan kowace Nokia tana ɗauke da wasan maciji mai cin abinci yana ƙara tsawo, wanda ya fara fitowa a 1997. Abin mamaki kuma, Nokia 3310 ta shekarar 2000 tana da wani wasa mai suna Bantumi, tukwane shida-shida ana zuba wake a ciki. Duk matar da ta gan shi a Kibiya ba ta buƙaci bayani ba, domin dararta ce ta gida goma sha biyu, ta je ƙasar Finlan ta dawo, da ɗan bambancin ƙa'ida.

Da manyan wayoyi masu shafawa suka yi araha, irin su Tecno da Itel, sai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da masu tura fina-finai a shagunan caji suka zama dillalan wasanni. Candy Crush Saga na 2012, inda ake jera alawa uku masu launi ɗaya, ya sami karɓuwa ƙwarai wajen matan aure. Mai karatu ya lura, jera uku a ci, ai ƙa'idar darar manya ke nan. A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu aka hana fita a Kano, gidaje da yawa da ludo na waya da irin waɗannan wasanni suka rage tsawon yini.

Me yake jan mutane?

Da na tambayi gwaggona, cewa ta yi, "Abin duniya in ya ɗaure ba ya kwantuwa da wuri. Wannan kuwa ka san yana da bakin zare." Ina ganin ta faɗi gaskiyar magana. Manomi yana da matsalolin da ba su da amsa a hannunsa: tsadar taki, jinkirin ruwa, kuɗin asibiti. Wasa ƙwaƙwalwa yana ba shi ƙaramar matsala wadda aka tabbatar masa tana da mafita, kuma mafitar tana cikin kansa. In ya same ta, zuciya ta yi sanyi. In ya kasa, ya sake gwadawa, kamar dai yaron da ya ba da gari.

Haka kuma irin wannan wasa ba ya neman saurin yatsa, saboda haka tsohuwa ba ta jin kunyar sa baki, ƙaramin yaro ma yana iya hango abin da babba bai gani ba. Babu jini, babu tsiraici, babu abin da zai sa uba ya kau da kai a gaban 'yarsa. A al'ada irin tamu mai kunya, inda ɗan fari ba ya sakewa da iyayensa, samun abin da zai tara gida a tabarma guda ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya faɗi a hanya

To amma kowane allazi da nasa amanu. Dara da tatsuniya suna da lokacin tashi. Rana ta faɗi, an daina ganin gurbi. Kaka ta ce ƙurunƙus, kowa ya nemi makwanci. Damina ta sauka, an koma gona. Wasan waya ba shi da ƙurunƙus. Da yawansu an gina su ne domin kada a ajiye, mataki yana bin mataki har dubbai. A Candy Crush rai biyar ake ba ka, in sun ƙare ka jira rabin sa'a kafin ɗaya ya dawo, ko kuwa ka biya kuɗi. Wato faɗuwar da a da ake biya da garin da ba naka ba, yanzu ana so ka biya ta da kuɗin aljihunka. Ga kuma tallace-tallacen da suke faɗowa a tsakiyar wasa, wasu na caca, a gaban yara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya hana shi harkokin rayuwa.

Na biyu, allon waya ƙarami ne, an yi shi domin ido biyu. Abin da na gani a gidan gwaggo ya faru ne saboda waya ɗaya ce a tsakanin yara huɗu. Ranar da kowa ya sami tasa, kowa zai nemi lungunsa. Na uku, kuma shi ya fi damuna, duk cikin wasannin nan ba na jin Hausa. Yaronmu ya san Mario, amma ka tambaye shi sunan matar Gizo ka ji.

Rabon marubuta

Wasu al'ummu sun riga sun nuna hanya. A 2014 mutanen Inupiyat na Alaska, waɗanda ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Rano yawa ba, suka haɗa kai da masu yin wasanni aka fito da Never Alone. An ɗauko shi daga wata tatsuniyarsu, yarinya mai suna Nuna da wani farin dila suna neman mafarin guguwar ƙanƙara, mutum biyu suna iya bugawa tare suna taimakon juna, kuma da harshensu ake ba da labarin. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fito da Aurion a 2016. A Legas akwai Maliyo tun 2012, masu yin wasannin waya da rayuwar Afirka.

Mu kuwa kayan aiki a jibge suke. Tafiyar 'yar bora zango-zango ce, kamar an tsara ta domin wannan. Kacici-kacicinmu sun kai ɗaruruwa, ga karin magana, ga salon magana mai karya harshe. Duwatsun Rano da na Rurum sun isa fagen kowane labari. Matasanmu da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantu za su iya ginin, amma gini ba ya tsayuwa sai da labari, labari kuwa sana'armu ce. Abin da nake kira gare shi shi ne, ƙungiyoyin marubuta su fara da abu mai sauƙi: a je wurin tsofaffi a Kibiya da Tarai da Rurum a rubuta ƙa'idojin dara yadda suke yin ta, da kalmomin da suke amfani da su, da kacici-kacicin da ba su shiga littafi ba, tun masu su suna da rai. Sa'an nan a zauna da masu na'ura. In za a yi wasan, a yi shi yadda wanda ya kasa zai ba da gari a faɗa masa amsa, a kuma sa masa ƙarshe, domin yaro ya san lokacin barci.

Kafin na baro Kibiya washegari, na ga gwaggo ta sa an tona gurabu goma sha biyu a gindin bishiyar tsakar gida, ta aiki ƙaramin jikan ya tsinto tsakuwa. Wai cajin waya ya ƙare, kuma ba za ta ba da kuɗin caji ba sai wani a cikinsu ya cinye ta. Har na hau mota ba wanda ya yi nasara.